Yadda ake bin diyyar hatsarin aiki idan dosiye ya kwanta: jagora ga ma'aikacin gwamnati a Tawa

Ma'aikaci yakan ji rauni a bakin aiki, ya yi jinya, ya koma biro da sanda ko da ɗingishi, amma kuɗin diyya shiru. Wata ya bi wata, wani sa'in shekara ta zagayo, duk wanda ya tambaya sai ya ce masa "ana nan ana bi" ko "ai yana Yamai". Na daɗe ina raka abokan aiki kan wannan hanya a matsayin wakilin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, a nan Tawa, kuma yawancin dosiyen da na ga sun jima ba ƙin su aka yi ba. Tsayawa suka yi kan wani tebur don takarda guda ta rasa, ko sa hannu guda, kuma ba wanda aka ɗora wa nauyin kiran ka ya shaida maka. Dosiye ba shi da ƙafa, sai mai shi ya san inda yake ya tura shi.

Kafin komai, san ƙofarka

Ba duk mai aiki wa gwamnati ne ke bin ƙofa ɗaya ba, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata watanni.

Idan kai cikakken ma'aikaci ne, mai lambar matirkil, wanda dokar aikin gwamnati ta 2007 ta shafa, to lamarinka yana hannun gwamnati da kanta: ma'aikatarka, kwamitin likitocin hukuma, ma'aikatar kuɗi, sannan CARENI, asusun fanshon ma'aikatan gwamnati, idan maganar ta kai ga fanshon naƙasa. Idan kuwa kai ƙaramin ma'aikaci ne da aka ɗauka ƙarƙashin dokar ƙwadago ta 2012, kamar direba, mai gadi, masinja ko mai shara, to gwamnati a wajenka mai ba da aiki ce kawai, kuma CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa, ita ce ke biyan diyyar hatsari. Ɗan kwantaragi, malami ne ko ma'aikacin lafiya, ya ɗauko takardar kwantaraginsa ya karanta abin da ta ce game da hatsari, ya kuma tambaya a rubuce ko an yi masa rajista a CNSS da lambarsa. Masu kaki suna da tsarinsu daban, wannan jagora ba tasu ba ce.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce takardar albashinka. Dubi inda ake cirar maka kuɗin ritaya: sunan asusun da ke nan shi ne ƙofarka.

Kayan da za ka tanada

- Jakar roba mai rufewa, da littafi ƙarami na ɗalibai da alƙalami. Littafin nan shi ne babban makaminka, za ka ga dalili.
- Katin ɗan ƙasa da takardar haihuwa. A tabbata rubutun suna ɗaya ne a ko'ina. Mahamadou a nan, Mahamane a can, ya isa a mai da dosiye baya.
- Takardar ɗaukar aiki, takardar da ta tura ka wurin da kake aiki yanzu, da shaidar cewa kana bakin aiki.
- Takardun albashi na watanni 12 kafin hatsarin.
- Duk takardar asibiti: ta shiga, ta sallama, hoton ƙashi, ordonas, da rasit na kowane magani da ka saya.
- Takardar izinin tafiya aiki, idan a kan hanya abin ya faru.
- Lambar asusunka na banki kamar yadda bankin ya buga ta, ba wadda ka kwafa da hannu ba.
- Kuɗin fotokwafi da tambari. A yi kwafi uku na kowace takarda, a kai mairi ko wajen ƴan sanda su buga hatimin cewa daidai take da ta asali.

Takardar asali ba ta barin hannunka sai inda doka ta ce dole, kuma ko a nan sai ka ɗauke ta hoto da waya, ka tura wa wani ɗan'uwanka ta WhatsApp ya ajiye. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

1. Sanar da hatsarin a rubuce

Ga wanda ke ƙarƙashin CNSS, ana so ka sanar da shugabanka cikin awa 24, shi kuma ya kai sanarwa ga CNSS da sufeton ƙwadago cikin awa 48. Kiran waya ba sanarwa ba ne. Shugaba ya zo duba ka asibiti da lemo da addu'a, Allah ya saka masa, amma wannan ma ba sanarwa ba ce. Idan kana kwance, wani naka ya kai takarda mai layi uku: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, ya kuma karɓo kwafi da hatimin biro.

To idan shugaba bai kai ba, ko ka gano bayan watanni cewa ba a taɓa kaiwa ba? Ƙofa ba ta rufe ba tukuna. Doka ta ba ma'aikaci ko iyalinsa damar kai sanarwar da kansu har ƙarshen shekara ta 2 daga ranar hatsarin. Je ofishin sufeton ƙwadago a nan Tawa, ka faɗi abin da ya faru, ka cike takardar da kanka. Kada kunyar shugaba ta hana ka. Ba ƙararsa ka kai ba, haƙƙinka ka rubuta.

Cikakken ma'aikaci kuma abin da yake bukata shi ne rahoton shugabansa na kusa, wanda zai bi matakan hukuma har ma'aikata. Ka nemi a nuna maka rahoton kafin ya tafi. Jumlar da ta fi komai a cikinsa ita ce wadda ta ce kana bakin aiki ko kan hanyar aiki lokacin da abin ya faru.

2. Asibiti tukuna, maɗori daga baya

Na san mutanenmu. Ƙashi ya karye, kafin a ce kwabo an nufi ƙauye wajen maɗori. Ban hana kowa abin da ya yarda da shi ba, amma maɗori ba ya ba da takarda, kuma hukuma takarda take karantawa. A fara zuwa likita a ranar, ko da ƙaramin asibitin gunduma ne a Buza, Keita ko Illela, a samu takardar likita ta farko mai kwanan ranar hatsari. Idan raunin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibitin jiha a Tawa, wasu kuma su nufi Galmi ko Yamai. Kowace turawa tana da takarda, ka riƙe ta.

Ka sa likita ya rubuta duk inda ke maka ciwo, ba babban raunin kaɗai ba. Mutum ya faɗi daga moto, hankalin kowa na kan ƙafar da ta karye, ba a rubuta kafaɗa ba. Bayan wata shida ƙafa ta warke, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa, sai a ce ai ba ta cikin takardar farko. Gyara wannan daga baya yana da wuya ƙwarai.

Idan ka riga ka wuce wannan mataki ba tare da takarda ba, koma asibitin da aka fara kai ka, ka roƙi a duba rajistar masu shigowa ta wannan ranar. Idan sunanka na ciki, likita zai iya ba ka shaida a kan abin da aka rubuta.

3. Tabbatar da cewa aiki ne ya jawo

Nan ne gardama take. Hatsari a cikin biro, aji ko ɗakin magani ba ya wahalar tabbatarwa. Na hanya shi ne mai rikici, kuma a jiharmu shi ya fi yawa: malami kan moto zuwa ƙauyen da yake koyarwa, ma'aikacin rigakafi a cikin daji, direba kan hanyar Ƙwanni ko Abalak. Doka ta yarda da hatsarin da ya faru tsakanin gida da wurin aiki, zuwa ko dawowa, muddin ba ka karkace hanya don wata bukata taka da ba ta shafi aiki ba.

Saboda haka sai an nuna lokaci da wuri. A cikin gari ƴan sanda ke rubuta rahoton hatsari, a karkara jandarma. Ka nemi lambar rahoton da kwafinsa. Idan ba su zo wurin ba, nemi mutum biyu da suka gani da idonsu su rubuta shaida, da kwafin katinsu, a buga hatimi. Yi wannan tun abin na da ɗumi. Mai shayin da ya ɗauke ka daga kwalta yau yana nan, baɗi wataƙila ya tafi bida.

Wanda aka aika aiki da baki, ba takardar izini, ya roƙi shugaban da ya aike shi ya rubuta shaidar haka yanzu, kafin a canja masa wurin aiki. Sabon shugaba zai ce bai san zancen ba, kuma gaskiyarsa.

Wani abu da ake yawan mantawa: idan motar wani ce ta buge ka, kamfanin inshorar motar ma yana da abin biya, kuma wannan hanya daban ce da ta diyyar aiki. Dangin direba za su zo da dattawa a nemi sulhu. Ka karɓe su da mutunci, ka yafe abin da ke tsakaninka da mutum in ka ga dama, amma kada ka sa hannu kan takardar da ta ce ka yafe duk wani haƙƙi kafin wanda ya san doka ya karanta maka ita.

4. Ajiye dosiye, ka karɓi lamba

Ka jera takardun, ka rubuta jerinsu a shafi guda a sama, ka kai ofishin karɓar wasiƙu, ba hannun wani sananne a farfajiya ba. A buga maka hatimin isowa a kan kwafinka, da kwanan wata da lamba. Ka buɗe littafinka ka rubuta: rana kaza, biro kaza, lamba kaza.

Daga nan duk lokacin da dosiye ya tashi daga wani biro zuwa wani, yana tafiya ne da takardar rakiya, bordero, ita ma da lambarta. Wanda ya riƙe lambar bordero ya san inda dosiyensa yake. Wanda ba shi da ita sai dai ya yi ta jin "yana Yamai". Yamai kuwa babba ce.

5. Takardar rufe jinya

Idan aka ce in zaɓi dalili guda da ya fi kwantar da dosiye, wannan ne. Ba a lissafa diyyar naƙasa sai likita ya rubuta cewa jinya ta ƙare: ko ka warke sarai, ko raunin ya tsaya inda zai tsaya, ba ƙari ba ragi. Mutane da yawa suna jin sauƙi sai su koma aiki, ba su koma wajen likita ba. Shi ma'aikaci yana jiran kuɗi, hukuma kuma tana jiran takardar da ba wanda ya gaya masa ana jira.

Koma wajen likitan da ya yi maka aiki, ka nemi takardar ƙarshe. Bayanta ne za a auna naƙasar da ta rage, a ba ta kaso cikin ɗari. A CNSS likitansu ne ke dubawa. Ga cikakken ma'aikaci kwamitin likitocin hukuma ne, sannan kwamitin da ke yanke ko aiki ne sanadi da kuma girman naƙasar. Waɗannan kwamitoci ba kullum suke zama ba. Tambayi ranar zama na gaba, ka kuma tabbata sunanka ya shiga jerin. Zama guda ya wuce ka, jira ya ƙaru.

Ranar dubawa ba ranar jarumta ba ce. Mu Adarawa, ko muna mutuwa a tambaye mu sai mu ce "da sauƙi". Faɗa wa likita abin da ba ka iya yi yanzu: tsayuwa gaban allo awa biyu, taka kuloci, durƙuso a salla, ɗaukar bokiti. Kada ka ƙara, kada ka rage. Kuma kada ka matsa a rufe jinya da wuri don ƙosawar kuɗi, alhali akwai sauran aiki a jikinka.

6. Yi lissafinka da kanka

Ga na CNSS lissafin a fili yake. Magani da asibiti a kan asusun suke. Kwanakin da ba ka aiki kuma ana biyan rabin albashin yini a kwana 28 na farko, daga kwana na 29 ya koma kashi biyu cikin uku. Mai albashin jikka 90 a wata, wato sefa 90,000, yininsa jikka 3 ne: zai samu 1,500 a kwanakin farko, sannan 2,000.

Kuɗin naƙasa kuma ga yadda yake. Kason da bai wuce 50 ba ana raba shi biyu, abin da ya haura 50 ana ƙara masa rabinsa. Ɗauki mai samun 1,200,000 a shekara. Idan aka ba shi kashi 30, ana biyan sa kashi 15 na albashin, wato 180,000 a shekara. Idan kashi 60 ne, 50 ta farko ta koma 25, goman da ta haura ta koma 15, jimla 40, wato 480,000 a shekara. Naƙasar da ba ta kai kashi 10 ba dunƙule ake biyan ta sau ɗaya. Akwai iyaka ta ƙasa da ta sama ga albashin da ake lissafi da shi, don haka ɗan bambanci ba abin tashin hankali ba ne, amma babban bambanci a nemi bayani a rubuce.

Cikakken ma'aikaci albashinsa ba ya yankewa lokacin jinyar raunin da aka amince aiki ne ya jawo shi, kuma yana da haƙƙin a mai da masa kuɗin magani. Shi ya sa na ce a riƙe kowane rasit, har na bandeji.

7. Gano teburin da ya tsaya

Ɗauki littafinka ka koma biro na ƙarshe da kake da lambarsa. Je da safe, Litinin zuwa Alhamis. Jumma'a rabin wuni ne. Gai da sakatariya yadda ya kamata, sannan ka yi tambaya mai amsa guda. Ba "Hajiya, ina labarin kuɗina?" ba, don wannan amsarta "sai haƙuri". Ka ce: "Hajiya, don Allah a duba mini lamba kaza ta ranar kaza. Ta fita? Da wane bordero, zuwa wane biro?" Rajista ce za ta buɗe, kuma cikin minti biyar ka san ko yana nan ko ya wuce.

Idan yana nan, tambaya ta biyu: "Mene ne ya rage a ciki?" Rubuta amsar a gabanta, ka kawo abin, ka sake karɓar hatimi.

Idan an riga an amince, saura biya, to ka san cewa kuɗin gwamnati yana bin matakai huɗu: a ware shi cikin kasafi, a tantance adadin, a ba da umurnin biya, sannan baitulmali ya biya, kuma mai binciken kashe kuɗi sai ya sa hannu a hanya. Tambayi wane mataki ake. Idan umurnin biya ya fita yana da lamba, da ita ake tambaya a tirezor, wato baitulmali. Shekarar kasafi tana ƙarewa 31 ga Disamba, kuma ana rufe ɗaukar sababbin kashe-kashe kafin nan. Dosiyen da bai shiga ba sai sabuwar shekara, shi ya sa matsawar Satumba ta fi ta Disamba amfani.

Za ka haɗu da masu cewa su san wani a ciki, a ba su na goro su fito da shi cikin mako. Wanda ya karɓi kuɗinka bai ba ka lamba ba, bai yi maka komai ba. Mafi muni shi ne ya zare dosiyen daga layi ya sa a aljihun tebur, ya ɓace daga rajista.

8. Wasiƙar tuni, sandika, da zuwa Yamai

Idan wata biyu suka wuce ba motsi, rubuta wasiƙar tuni da Faransanci, gajera: sunanka, matirkil ko lambar CNSS, ranar hatsari, lambobin da ka tara, da abin da kake nema. Ban da zagi, ban da dogon labarin wahala. Cikakken ma'aikaci ya bi ta hannun shugabansa. In ba ka iya rubutun ba, marubutan da ke zama bakin gidan waya da kotu suna yi, amma ka sa a karanta maka kafin ka sa hannu.

Wasiƙar nan tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba. Bashin da ake bin gwamnati yana faɗuwa bayan shekara 4 idan mai shi bai nema ba, kuma nema a rubuce mai hatimin isowa shi ke katse wannan lissafi. Zaryar ƙafa ba ta katse shi.

Kai kwafi ga sandikarka, SNEN ce ko SYNACEB na malamai, SUSAS ta ma'aikatan lafiya, ko wadda kake ciki, su kuma suna da uwayen ƙungiyoyi irin USTN da CDTN a Yamai. Wakilin da ya shiga da dosiye goma a hannu ana sauraron sa fiye da mutum ɗaya.

Tafiya Yamai kuwa kada ka yi ta da ka. Fiye da kilomita 500 ne ta Ƙwanni, Dutsi da Doso, ga kuɗin mota, ga masauki, ga jikin da bai gama warkewa ba. Sai kana da lambar bordero da sunan biron da ya karɓa. In jiki bai ba ka ba, rubuta wa amintacce takardar wakilci mai hatimi, ya tambaya a madadinka. Wakilcin tambaya za ka ba shi, ba na karɓar kuɗi ba.

9. Idan an ƙi, ko an yi shiru ya yi yawa

Kada ka yarda da ƙi na baki. Ka ce a ba ka a rubuce, don daga ranar da takardar ta shigo hannunka ake fara ƙidayar wa'adin ƙara, kuma wa'adin gajere ne. A CNSS ana fara kai kuka ga kwamitinsu na sake duba hukunci, in bai yi ba sai kotun ƙwadago. Idan gardamar kan kason naƙasa ce, nemi a sa wani likita gwani ya sake dubawa. Cikakken ma'aikaci yana fara roƙon wanda ya yanke hukuncin ko na sama da shi, sannan kotun da ke shari'a tsakanin mutum da hukuma, inda ofishin AJE ke tsaya wa gwamnati. A wannan fage dogon shirun hukuma ana ɗaukar sa ƙi ne, wa'adi kuma yana tafiya ko ba ka sani ba, don haka ga lauya tun kafin ka gaji. Marar hali ya tambayi ofishin ANAJJ a babbar kotun Tawa, aikinsu ne taimaka wa wanda ba shi da kuɗin lauya.

Idan ma'aikacin ya rasu

Iyali su bi matakan nan duka, su ƙara da takardar rasuwa, shaidar likita cewa raunin ne sanadi, takardar aure, takardun haihuwar yara, da takardar taron dangi da kotu ta tabbatar wadda ta nuna magada da wakilinsu. Aure da yawa a wajenmu a masallaci aka ɗaura shi ba a rubuta ba. Kotu tana ba da hukuncin da ke maye gurbin takardar, da shaidu. A fara da wannan, don shi ya fi cin lokaci. A CNSS kason mata kashi 30 ne na albashin mamaci, a raba tsakaninsu idan sun fi ɗaya, yara kuma da nasu kason daban.

Bayan an fara biya

Karanta takardar hukunci ka ga daga wace rana aka fara lissafi. Kuɗin watannin da aka yi ana jira ba ya faɗuwa, ya kamata ya zo a dunƙule da biyan farko. In bai zo ba, sabuwar wasiƙa da sabuwar lamba. Duk lokacin da aka nemi shaidar kana raye ko aka kira ka dubawar likita, ka je a kan lokaci, in ba haka ba biyan ya tsaya. Idan kuma raunin ya tsananta daga baya, ƙarfen da aka sa ya motsa ko idon ya ƙara dushewa, koma wajen likita ka karɓi sabuwar takarda, ka nemi a sake auna kason, ka haɗa da lambar tsohon dosiyen.